Lodin Bayan Azahar

Kawuna bai taɓa faɗa wa kowa yawan shanunsa ba. Matarsa ma, in ta sani, da idonta ta ƙirga a ɓoye, ba daga bakinsa ta ji ba. A ƙauyenmu, can gaba da Affala a ƙasar Adar, ba a yi wa mutum wannan tambaya. Wanda ya yi ta sai a yi masa kallon marar tarbiyya, a canza magana. Ana tsoron baki, ana tsoron ido. Da sanin wannan na tashi. Sai na zo makaranta Tawa, na wuce Yamai na karanci aikin kwamfuta, na dawo da takardar shaida da girman kai daidai gwargwado, na kuwa manta da shi sarai.

Aikin da na samu a wani ƙaramin ofis ne a Tawa, na wata ƙungiya mai tallafa wa malaman dabbobi wajen allurar rigakafi. Ni kaɗai ce mai kula da rumbun bayanai, wanda a ofis muke ce wa baz. Kowace shekara, bayan an gama kaka, malaman kan bazu cikin karkara, kowa da parkinsa, wato shingen ƙarfe mai siririyar hanya da ake kora shanu ciki ɗaya bayan ɗaya ana soka musu allura. In an gama da garken mutum sai a ba shi kati. Katin kuwa takarda ce kawai har sai an rubuta masa lamba, lambar kuma daga rumbuna take fitowa. Malami zai shigar da sunan mai garke da yawan dabbobinsa a waya, ya aika, rumbun ya maido masa da lamba, ya rubuta, ya buga hatimi. Da katin nan makiyayi yake wuce shingen hanya in zai yi arewa, da shi yake shiga kasuwar dabbobi ba a tsare shi ba. Saboda haka babu mai barin parki bai karɓe shi ba.

Abin da ke bayar da lambar ni na rubuta shi da hannuna, kuma ina ji da shi. Purosedir muke kiransa. Umarni ne da ake rubutawa sau ɗaya, a ajiye a cikin rumbun da sunansa. Duk wayar da ke da buƙata sai ta kira sunan, ta miƙa bayananta, shi kuma ya yi aikin daga farko har ƙarshe ba sai an sake yi masa bayani ba. Nawa abu uku yake yi: ya ɗauko lamba ta gaba, ya rubuta garken, ya rage yawan allurar da ta saura a hannun malamin. Layi talatin da wani abu ne, tsaf-tsaf. Har nakan buɗe shi haka kawai in duba, yadda mace kan buɗe akwatin kayanta ba don za ta saka komai ba.

Shekarar farko da aka yi aiki da shi ya kunyata mu. Kwanakin farko na kamfen ɗin allurar, lokacin da duk parkuna ke cike, wayoyi suka yi ta juyi babu lamba. Malamai na kira, shugaban ofis, wanda muke ce wa shef, yana sharce gumi, ni kuma ina rantsuwa cewa rumbu lafiya yake, don duk sa'ar da na gwada da kaina, da safe ko da la'asar, nan take yake amsawa. Da garkuna suka ragu abin ya lafa da kansa. Muka ɗora wa rezo laifi, wato layin sadarwar waya, tunda rezo ba shi da bakin ramawa, ni ce ma na fi kowa ɗaga murya wajen zaginsa.

A cikin waɗanda abin ya ritsa da su har da kawu. An yi wa shanunsa allura da hantsi, ya zauna jiran kati, ya wuni, ya kwana, ya sake wuni. Wayar malamin ta mutu don yawan dannawa, aka kai ta caji Affala, aka dawo da ita, ta sake ƙi. A yankinmu shayarwa a rijiya da layi ake yi, kowane garke da ranarsa. Ranar kawu ta wuce yana zaune a bakin parki. Jar saniyarsa mai tsohon ciki, wadda yake ji da ita fiye da sauran, ta yi ɓari a hanyar komawa.

Da na je yi masa jaje bai ɗaga mini murya ba. Da ma ya ɗaga, da na fi samun sauƙi. Yana gyaran igiya ya ce, “Ɗiyata, injin naki ya gaji, ki bar shi shi huta. Ni dai baɗi ba ni kai bisashena wurin nan.”

Na ce, “Kawu, rezo na, ba injin ba.”

Ya ce, “To.”

A ƙauyenmu abin da kawu ya yi shi sauran masu shanu kan yi. In bai kai ba, ba za su kai ba, ciwon huhu kuwa ba ya neman izinin kowa kafin ya shiga garke. Wannan “to” ta zauna mini a rai shekara guda.

Da kamfen na biyu ya matso, ƙungiya ta turo mana wani injiniya daga Yamai, ɗan Maradi, dogo, mai yawan dariya da shan shayi, don ya yi wa rumbun gwajin lodi. Gwajin lodi shi ne ka sa kwamfuta ɗaya ta yi kamar ita ce wayoyi masu yawa, ta yi ta kiran purosedir da bayanan ƙarya, a kan kwafin rumbun ba a kan na gaskiya ba, kai kuma kana kallon tsawon lokacin da kowane kira ke ɗauka kafin a amsa shi. In rumbun zai durƙushe, gara ya durƙushe a ofis gabanka. Tun kafin ya sauke jaka na tsane shi, don a ganina an turo shi ne ya binciki aikina. Na ba shi kujerar da ƙafarta ke rawa.

Ya san aikinsa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ɗauki yawan garkunan da aka rubuta a ranar da ta fi kowace cika bara, ya ninka biyu don kwanciyar hankali, ya raba su daidai wa daida tun daga bakwai na safe har shida na yamma. Kira ɗaya, a numfasa, kira ɗaya, a numfasa. Muka zauna muna kallon allo. Purosedir ɗina ya yi ta amsawa kafin ƙiftawar ido, ko gezau bai yi ba. Rahoto ya fito kore shar daga sama har ƙasa.

Injiniya ya ce, “Madam, baz ɗinki lahiya lau. Rezo ne ya cuce ku bara.”

Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Na sauya masa kujera, na ce a kawo masa shayi. Shef ya buga takardar da za mu sa wa hannu mu uku, mai cewa an gwada, an shirya. Aka bar sa hannun sai bayan hutun rana, don injiniya zai bi motar asuba ya koma washegari.

Ina haɗa jakata zan fita sai ga tsohon malamin dabbobi na wajen Affala, wanda ya girmi mahaifina, ya zo karɓar akwatin sanyi na allura. Yana zazzage buhunsa a kan tebur don ya sami wurin sa kaya, sai wata ƴar ƙwarya ta gangaro, da tsummoki a ɗaure, da tsakuwa da ta watsu har ƙarƙashin kujerata. Da yake raina fari ne ranar, na tsokane shi, na ce, “Baba, an ba ka waya sabuwa, kai kuma dara kake yi bakin aiki?”

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, “Ke da kinka tashi Adar kike tambayata mi ƙwarya ka yi? Wa zai tsaya bakin parki shina hwaɗin shanu kaza gaban mutane? Ai sai mai garke shi kore abinai, ba ka ƙara ganinai. Tsakuwa nika jehwawa, saniya guda tsakuwa guda, ƙwarya na cikin riga. In garke ya wuce in ɗaure su ga tsumma. Sai munka yi sallar azahar, kowa ya ja gehe, sannan nika kwance tsummoki in ƙilga, in sa ga waya.”

Na ce, “Kai ɗai kake haka, ko ku duka?”

“Duk wanda yas san aikinai haka shika yi. Da wane lokaci kike so mu yi shi? Da sahe hannu na ga allura.”

“In wayar taƙ ƙi tahiya fa?”

Ya ɗaga babban yatsansa, wanda kansa ya yi kanta, ya ce, “In danna. In taƙ ƙi, in ƙara dannawa. Ni da ita, wani ya gaji.”

Nan take na fasa fita. Na ajiye jakar, na buɗe bayanan bara, na jera su bisa lokacin da kowanne ya shigo, abin da ya kamata in yi tun shekara guda da ta wuce amma zagin rezo ya hana ni. Da safe allon kusan fayau. Da la'asar ɗaiɗai. Kusan komai ya cunkushe ne a ɗan tsakanin da ke biyo bayan sallar azahar, don azahar ɗin Affala ita ce ta Bambeye, ita ce ta kowane parki a faɗin jihar. Malamai duka sukan sallame kusan tare, su kwance tsummoki tare, su danna tare. Ni kuma a daidai wannan lokaci ina gida, na tashi hutun rana, ina cin shinkafa da wake. Kafin in dawo ƙarfe uku cunkoson ya watse, in gwada in ga lafiya lau, in yi ta cika baki.

Ranar ban je gida ba. Na yi sallah a ofis, na zauna ina kallon takardar shef a kan tebur. Kore ce, kuma ta wanke ni tas. In na sa hannu, ko abin ya sake lalacewa babu mai nuna ni da yatsa, tunda ga shaidar injiniya daga Yamai. Na kai minti goma ina wannan tunani, ba na kuma alfahari da minti goman nan. Abin da ya raba ni da shi igiyar da kawu ke gyarawa ce, da yadda bai ɗago ya dube ni ba.

Da suka dawo na ce ba zan sa hannu ba sai an sake gwaji.

Shef ya ce, “Madam, kamfen saura kwana tara. Takarda kore ta. Ki sa hannu mu huta.”

Injiniya ya yi dariya ya ce, “Wallahi ke ce ta hwarko da na gani an ce aikinta ya ci jarrabawa tana ɓata rai.”

Dariyar ce ta tunzura ni. Na ce masa jarrabawar da ya ba shi ta ƴan birni ce, masu zuwa ofis da layi kowa da lokacinsa, nan kuwa Adar ce, shanu ba su san agogonsa ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba. Ya daina dariya, ya turo mini kwamfutarsa, ya ce, “Bismilla.”

Ban ƙara ko kira ɗaya a kan adadinsa ba, na ma cire ninkin da ya yi. Abu biyu kawai na canza. Na matse kiran wuni guda cikin minti ashirin. Sannan na koya wa wayoyin ƙarya rashin haƙuri: duk wadda ta jira rabin minti ba a amsa mata ba, ta sake aikawa, har sau uku. Wannan sashen na sa masa suna yatsan tsoho, har yau kuma haka sunansa yake a cikin kayan gwajinmu.

Na danna, muka zuba ido. Mintin farko komai daidai, har shef ya fara gyaran murya. Sai layin da ke nuna tsawon jira ya soma ɗagawa. Daƙiƙa ɗaya, biyar, ashirin. Da ya kai rabin minti yatsan tsoho ya shigo, kowace waya ta zama uku, layin ya miƙe tsaye bai sake saukowa ba. Allon da ya wuni kore ya koma ja. Na buɗe jerin masu jira a cikin rumbun, na ga dukansu abu ɗaya suke jira, wato layin da ake ajiye lamba ta gaba. Layi ɗaya ne tal na jihar gaba ɗaya. Purosedir ɗina kan fara da shi, ya kulle shi, ba ya kuma sakinsa sai ya gama sauran ayyukansa biyu. Rijiya na gina mai guga ɗaya, wanda ya ɗebi ruwa kuma ba ya miƙa gugan sai shanunsa sun gama sha.

Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi, don layin da ya yi ɓarnar na san ranar da na rubuta shi, na tuna har na yaba wa kaina da wayo. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani sanyi da ban taɓa ji ba. Abin da ya hana kawu ruwa yana gabana, ina iya nuna shi da yatsa.

Na ce, “Ga shi nan. Ba rezo ba na. Ni ta.”

Shef ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Injiniya ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ɗauki waya ya ce wa mutanen Yamai ba zai biyo motar asuba ba.

Kwana uku muka yi, kuma mun yi faɗa a cikinsu. Shi ya fara da cewa a nemo injin da ya fi wannan ƙarfi. Na ce ko wane ƙaton inji ya kawo, gugan dai ɗaya ne. Ya yarda, ba da daɗin rai ba. Muka ba kowane parki nasa jerin lambobi, don malamin Bambeye ya daina jiran malamin Affala, muka kuma mayar da ɗaukar lamba ƙarshen aiki, ta yadda kullewar ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Muka sake sakin lodin, ya fito kore. Na miƙe zan yi rawa, injiniya ya ce in zauna tukuna. Ya ƙirga garkunan da aka rubuta, ya tarar sun fi waɗanda aka aika. Ashe in amsa ta ɓace a hanya yatsan tsoho ya sake dannawa, sai a rubuta garke ɗaya sau biyu, a ba mutum ɗaya lamba biyu. Wannan ni ban gani ba, shi ya gani, maganin ma nasa ne: kowace aikawa ta zo da tata alama, in purosedir ya ga alamar da ya riga ya sani, ya maido da lambar farko kawai. Rana ta biyu wuta ta ɗauke muna tsakiyar gwaji, muka zauna a inuwar bishiyar bedi muna gardamar ko kilishin Tawa ya fi na Maradi, har ta dawo.

Rana ta uku muka ninka lodin biyu, muka ninka uku, muka matse shi cikin minti goma. Layin jira ya ɗan ɗaga kai ya koma ya kwanta. Lambobi suka fito daidai da garkuna, babu ƙari babu ragi. Sai a lokacin na sa hannu, na kuma danna biro ɗin har ya kusa huda takardar.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi gwajin wuya. Ran kasuwa na hau kabu-kabu zuwa kasuwar dabbobi, don na san kawu ba ya fashinta ko ba zai sayar da komai ba. Na same shi a tsaye yana duba haƙoran wani bijimi da ba nasa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi bisashe, na tambayi ruwa, na rasa abin da zan ƙara tambaya. Sai na faɗa masa.

Na ce, “Kawu, bara na ce maka rezo na. Ba shi na ba. Aikina na, ni nib ɓata shi. Na mance ba a ƙilga shanu gaban mutane.”

Ya saki leɓen bijimin. Wannan karon ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, “Ke kinka mance da wanga?”

“Ni nim mance.”

“To yanzu fa?”

“Na gyara. Na aza mishi kaya ninki ukku, bai durƙusa ba. In kak kawo su, kahin ka gama tasbihin azahar katinka na hannunka.”

Ya ce, “Allah shi kai mu.” Ya juya ga bijiminsa. Daga wannan amsa ba a gane komai, na koma ofis ban san ko zai zo ba.

Ranar da aka buɗe parkin wajen Affala na roƙi shef ya bar ni in bi motar da ke kai allura. Ya ce wurina yana gaban allo. Na ce allon na iya zama a cinyata, ya ƙyale ni don ya gaji da ni. Muka isa da hantsi. Garkuna uku na tarar, ba kamar yadda aka saba cika ba, masu su kuma sai waige-waige suke yi wajen hanyar ƙauyenmu. Can sai ga kawu, da sandarsa a kafaɗa, yana kore da shanu. Murnata ba ta daɗe ba. Ban san yawan shanunsa ba, don ban taɓa yarda na duba sunansa a rumbu ba, amma na san waɗannan ba su kai rabi ba, kuma duk tsofaffi ne da bajimai, babu mai ciki ko ɗaya. Jar saniyar ba ta ciki. Abin ya sosa mini rai, amma ban ga laifinsa ba.

Tsohon malami ya yi ta aikinsa, hannu ɗaya a allura, ɗaya na shiga cikin riga yana fita. Rana ta take, aka kira sallah. Na yi tawa a bayan mota da gaggawar da Allah kaɗai zai yafe mini, na buɗe kwamfuta a cinya. Malamin ya ja gefe can gindin wata bishiyar aduwa, ya juya wa mutane baya, ya fara kwance tsummoki. A allona na ga kira ɗaya ya shigo, sai biyar, sai suka ɓarke daga kowane parki a lokaci guda, daidai yadda na zana su a ofis. Layin jira ya ɗaga kai, ya tsaya, ya kwanta.

Na ɗago na ga tsohon ya ɗaga babban yatsa zai sake dannawa bisa al'ada, sai ya tsaya da shi a sama, ya matso da wayar kusa da ido. Ya laluba aljihu ya zaro biro.

Kawu na zaune a kan buzunsa, carbi a hannu, bai kai rabi ba aka miƙa masa kati. Ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, duk da ba ya karatun boko. Ya ƙarasa tasbihinsa ba gaggawa, ya shafa. Sannan ya miƙe, ya cire malfarsa, ya ɗora ta a kan sanda, ya ɗaga sama yana kaɗawa wajen tudun da ke gabas da parki.

Da farko ban ga komai ba. Sai ƙahoni suka ɓullo daga bayan tudun, sai tozaye, sai garke guda ya gangaro, ƙanensa na kore da su, masu ciki da masu shayarwa da maruƙa, jar saniyar a gaba. Ashe tun safe suna can a ɓoye. A bayansu kuma ga wasu garkunan biyu na maƙwabtansa, waɗanda su ma suka laɓe suna jiran malfar. Tsohon malami ya yi salati, ya ce wa kawu, “Kai ma gwaji kaz zo yi muna?” Kawu ya mayar da malfarsa kai.

Ni dai na rufe kwamfutar, don idona ya cika ba na ganin allo. Na yi alfahari a ranar, alfaharin da ban yi ba ran da aka ba ni takardar shaida a Yamai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da aka zo kora garken cikin parki, malamin ya gyara ƙwaryarsa zai sa a riga. Kawu ya miƙa hannu ya karɓe ta. Ya duƙa ya ɗebo tsakuwa cike da tafinsa, ya tako har inda nake, ya zuba mini a hannu, ya ɗora ƙwaryar a kan tsakuwar.

Ya ce, “Ɗiyata, sa ta cikin mayahi. Ke ka jehwawa.”

Na tsaya a bakin siririyar hanyar, ƙwarya a ƙarƙashin mayafina, shanun kawu na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ina jefa tsakuwa ba tare da na motsa leɓe ba. Da ta ƙarshe ta wuce na ja gefe, na juya wa mutane baya, na ƙirga sau biyu, na raɗa wa malamin a kunne. Da na haɗa da na garken farko da ya shigo allona, na san yawan shanun kawuna. Shekaru sun wuce, ban faɗa wa mijina ba, ban faɗa wa mahaifiyata ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.